Hujin da Na Toshe a Gidan Surukaina

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta farkon damina ba, ranar da na tafi Daddara gaida surukaina cikin farar shadda, na ƙare da koya wa mai inji yadda ake gyaran injinsa. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko a kan babur nake sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don ku san daga tsayin da na faɗo. Ina da ɗan shago a Magama, dab da kan iyaka, inda nake gyaran waya da caji. Direbobin manyan motoci masu jiran a gama duba takardunsu, da 'yan kasuwar da ke shiga Nijar suna fitowa, su ne abokan cinikina. Su ne kuma suka lalata ni, domin su suka laƙaba mini "Injiniya". Da farko nakan ce a'a, ni ɗan gyaran waya ne kawai. Daga baya na daina cewa a'a. Can gaba ma, in wani ya kira ni da sunana na yanka, sai in yi kamar ban ji ba. (Takardar injiniya dai ban da ita. Abin da nake da shi waya ce mai faɗin fuska, da data, da kuma baki.) Sau ɗaya na taɓa tayar da ƙaramin janaretan maƙwabcina bayan na kalli bidiyo, tun daga ranar na yanke wa kaina hukuncin cewa duk abin da ke shan fetur ɗan gidana ne.

A lokacin watanmu bakwai da aure ni da Zulai. Ita ce 'yar fari a gidansu, kun kuwa san abin da wannan yake nufi. Baba, mahaifinta, ba ya kiran sunanta, ni kuwa ko fuskata ba ya kallo. In na je gaisuwa, daga nesa zan cire takalmi in durƙusa, ya amsa yana kallon ƙasa, shi ke nan an gama. In yana da magana gare ni, sai ya faɗa wa duk wanda ke zaune kusa da shi, ni ma in amsa wa wannan mutumin, alhali tsakanina da Baba bai fi taku uku ba. Abin da na sani game da shi bai wuce cewa manomi ne, mai shiru, mai gero ba. Ban taɓa tambayar me ya yi da ƙuruciyarsa ba. Ni da nake da labarin kaina da yawa, ina na ga lokacin tambayar na wani.

Da safiyar wannan Asabar aka yi wa Zulai waya daga gida. Iskar da aka yi jiya da yamma ta tsaga babban bedin, wato dogon-yaron, da ke tsakar gidansu, rabinsa ya karkato kan rumbun Baba, bai dai ƙarasa faɗuwa ba. Muka hau babur muka kama hanya. A hanya take gaya mini cewa an aika wa Malam Ilu, abokin Baba da ke zaune a tsallaken iyaka, ya zo da injin yankan itace, sai dai an ce injin ba shi da lafiya.

Na ce, "Ai an gama. Allah ne ya kawo ni."

Ta ce, "To, amma ka san dai Baba..."

Na ce, "Baba ya kwantar da hankalinsa kawai."

Na ƙara wa babur wuta, iska ta kwashe sauran maganarta. Da na bar ta ta ƙarasa wannan jimlar, da yau ban da labarin da zan ba ku.

Da muka shiga gidan, ni kaina sai da na ja na tsaya. Bedin ya tsage tun daga inda ya yi rassa, rabi yana tsaye, rabi ya kwanto ya rataya a kan rumbu, tsakaninsa da jinkar bai fi kamu biyu ba. Abin da ya riƙe shi 'yar tsokar itace ce da ba ta ƙarasa rabuwa ba. A cikin rumbun nan kuwa akwai sauran geron bara duka, wanda gidan zai ci har kaka. An gwada gatari da sassafe, sara biyu kawai aka yi itacen ya yi wata ƙara, kowa ya ja da baya. Ba wanda zai yarda kuma ya hau rumbu ya ɗage jinka ya kwashe dammuna da wannan abu a saman kansa. Dabara ɗaya ta rage, a ɗaure shi da igiyoyi, mutane su ja shi gefe, a yanke shi da inji a tashi ɗaya. In aka sake yin iska kafin nan, rumbu ya tafi. Gabas kuwa tun da hantsi ta fara haɗa fuska.

Maƙwabta sun kai goma a tsakar gidan, an riga an ɗaura igiyoyi, inji kawai ake jira. Baba yana zaune a kan tabarma, Malam Ilu a gefensa, injin a gabansu. Tsohon inji ne, jan fentinsa duk ya koɗe, an ɗaure mariƙinsa da waya. Kusa da shi an jera sifanu da sukudireba, da famfon keke, da wasu 'yan gutsattsarin robar tub, da ƙwarya cike da ruwan sabulu. Na ga kayan nan sarai da idona. Abin da na ce a raina shi ne, wani yana shirin facin keke ne aka katse shi.

Na durƙusa na gaida Baba, na yi masa jaje, ya amsa wa ƙasa. Zulai ta shige ciki wurin mata. Daga nan ya kamata in nemi gefe in zauna kamar kowane surukin kirki. Sai na ji bakina yana cewa, "Malam Ilu, me ke damun injin naka?"

Malam Ilu dogo ne, mai fara'a, rabin kalmominsa na inji duk na Faransanci ne, fulogi ya ce buji, fetur ya ce isansi. Ya ce, "Wallahi Injiniya, mashin ɗin ga ya haukace. Tsaya ka gani." Ya take shi da ƙafa, ya ja igiya sau uku, inji ya tashi. Amma maimakon ya tsaya yana ɗan gurnani a hankali, sai ya kama ihu shi kaɗai, sarƙa tana gudu ba wanda ya taɓa maƙunnin. Ya ɗauke shi ya kwantar da shi ta gefe, yadda ake riƙe shi in za a yanka itace a tsaye, nan take ya yi tari biyu ya mutu. Ya ce, "Ka gani ko? Na canza buji, na canza isansi, dut banza."

A nan ne Shaiɗan ya same ni, domin wannan ciwon na san shi. Na taɓa ganinsa a bidiyo. Na miƙe na gyara hula, na yi wa jama'a bayani cewa inji irin wannan yana shan fetur da iska ne a gwargwado, ta hanya ɗaya tak, wato ta kafireta. In ya samu wata kafa yana zuƙar iska ta ɓarauniyar hanya, sai iska ta fi mai yawa, shi ya sa yake ihu shi kaɗai, yake zafi, yake mutuwa. In aka matsa masa a haka, cikinsa zai ƙone. Duk wannan gaskiya ne, har yau ban janye ko kalma ɗaya ba. Mutane suka gyaɗa kai. Na saci kallon Baba, na ga shi ma ya ɗan gyaɗa. Ai kuwa sai kaina ya ƙara girma.

Na ce, "A ba ni sukudireba."

Malam Ilu ya buɗe baki, ya ce, "Ai da ma mai..." Baba ya yi gyaran murya. Ya ce, yana kallon tabarma, "Ƙyale shi, Ilu. Ba shi."

Na naɗe hannun riga, na tattaro gutsattsarin robar nan na shimfiɗa na ɗora gwiwata a kai don kada shadda ta ɓaci. Na cire murfi, na cire matatar iska, na kwance kafireta. A bayanta na sami gaskit, 'yar takardar nan mai kauri da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada iska ta ratsa. Na ɓamɓaro shi na ɗaga shi sama. Yana da babbar ƙofa a tsakiya, da ƙofofin kusa guda biyu, sannan can gefe ga wani ɗan huji ƙarami, bai fi ƙwayar gero ba. Farin ciki ya kama ni.

Na ce, "Jama'a, ga ɓarawon."

Na zagaya da shi, na nuna wa kowa ɗaya bayan ɗaya, har da wani tsoho da na tabbata ba ya gani sosai. Na ce su duba ta cikin hujin su ga haske. Ta nan iska take shiga. Tsufa ne ya cinye takardar. (Hujin nan kewayayye ne tsaf, bakinsa sumul, ba alamar yagewa. Ko wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya tsaya. A jikin ƙarfen ma akwai wani ɗan rami daidai da shi, na gan shi, na ce tsatsa ce.)

Baba ya ɗan motsa. Ya ce, "Ilu, wani lokaci su masu ƙera abin nan, da gangan suka barin 'yar ƙohwa."

Kun ji fa. Dattijo ya miƙo mini igiyar fita daga rami, cikin ladabin da ya fi nawa. Ni kuma da yake ba zan amsa wa surukina kai tsaye ba, sai na juya ga Malam Ilu na yi murmushin masu ilimi. Na ce, "Malam Ilu, ai aikin gaskit toshewa ne. Kamfani ba zai yi abin toshewa sannan ya huda shi ba. Mutane da yawa suna yin wannan kuskuren." Malam Ilu ya dubi Baba, Baba ya dubi gabas.

Na aika ciki aka kawo mini kwalin shayi da almakashi. Na ɗora tsohon gaskit a kai na zana, na yanka babbar ƙofa, na huda ƙofofin kusa, na bar wurin ɗan hujin a rufe ruf. Don kada a ce na yi rabin aiki, na ciro gam daga aljihun babur na shafe kwalin gaba da baya, na ƙara ɗigo ɗaya a ɗan ramin da ke jikin ƙarfen. Na mayar da komai na ɗaure. Tsohon gaskit kuwa na yar da shi gefe. Ban lura ba a lokacin, ashe Baba ya miƙa hannu a hankali ya ɗauke shi ya tura ƙarƙashin tabarma.

Na ce masu igiya su shirya. Suka miƙe, suka tofa yawu a tafin hannu. Na take inji, na yi bismilla, na ja.

Shiru. Na sake ja. Na ja cok, abin shaƙe iskar nan, na ja, na mayar da cok na ja. Na ja har sau ashirin, ko tari bai yi ba. Injin da ɗazu yake ihu ba a tambaye shi ba, yanzu ya zama kurma. Na kwance fulogi na ga ya bushe ƙamas, na ɗiga masa fetur ta ramin na mayar. Ya yi fut-fut-fut, na ɗago kai ina murmushi, ya mutu. Na sake ɗigawa, ya sake fut-fut, ya sake mutuwa. Masu igiya suka fara zama ɗaya bayan ɗaya.

Mutum irina ba ya rasa wanda zai ɗora wa laifi. Na fara da fetur. Na shinshina shi na ce anya man tsallake ba a haɗa shi da wani abu ba. Malam Ilu ya ce, "A Magama na saye shi, kusa da shagonka." Na koma kan fulogi, na ce na jabu ne. Na koma kan 'yan kusoshin saitin kafireta, na murɗa dama, na murɗa hagu, har na manta inda suke da farko. Aka kira azahar, muka je muka yi salla, ni dai ban san me na karanta ba. Muka dawo na ci gaba da ja. Tafin hannuna ya yi bororo, bororon ya fashe. Farar shadda ta koma kalar ƙasa da baƙin mai. A wani ja da na yi da dukkan ƙarfina, mariƙin igiyar ya suɓuce, na tafi da baya na zauna daɓas, hulata ta yi gefe. Surukin gida, kai ba hula, a zaune a ƙasa gaban uban matarsa. Kowa ya kama kallon wani wuri, wannan kuwa ya fi dariya ciwo.

Ina cikin haka sai na ga Baba ya sa ƙafa ya turo ƙwaryar ruwan sabulun nan a hankali zuwa wajena. Ya ce, "Ilu, ga ruwan sabulu nan hwa, ga kuma hwamho."

Wallahi sai da na ji ƙwalla ta taru mini. Na ce a raina, dubi dattijon kirki, ya ga hannuna ya yi baƙi. Na ce, "Malam Ilu, a yi wa Baba godiya." Na tsoma hannu biyu na wanke su tas har gwiwar hannu, na watsar da ruwan.

Wajen ƙarfe uku iska ta fara kaɗawa, mai sanyi, mai ƙanshin ƙasa. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Bedin ya yi wata ƙara doguwa, jinkar rumbu ta motsa. Daga cikin gida na ji wata mata tana salati. A nan tsoro na gaske ya shige ni, domin na gane cewa ba sunana kaɗai ke kan layi ba, abincin gida guda ne, kuma ni na cinye musu yinin. Amma ko a nan ban iya buɗe baki na ce na kasa ba. Na sunkuya na ci gaba da jan igiya, don ban san abin da zan yi da fuskata ba in na tsaya.

Baba ya miƙe ya nufi wani ɗan ɗaki da ke ƙuryar gidan. Ɗakin Iya Tabawa ne, mahaifiyarsa, kakar Zulai. Tsohuwa ce tukuf, kunnenta ya yi nauyi, saboda haka duk maganar da za ta yi sai an ji ta a gida na uku. Tun ranar ɗaurin aure take kirana angonta, tana cewa Zulai ta yi mata ƙwace. A duk gidan nan ita kaɗai ce al'ada ta ba ta izinin ta faɗa mini abin da ta ga dama, ni kuma ba ni da ikon yin fushi. Jim kaɗan Baba ya fito ya koma kan tabarmarsa. Bayansa sai ga ta, tana dogara sanda, ta ratso tsakiyar maza ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Kai, angon ƙarya. Uban matarka ya ce in hwaɗa maka a hankali don kar mutane su jiya." Ta ɗan huta, ta ja numfashi. "Wai ɗan hujin nan da ka liƙe da kwalin shayi, shi ka sa inji shi jawo mai. Wai da shi aka ƙero shi. Wai don Allah ka buɗe shi tun ruwa bai sauko ba."

Na ɗauka ta gama, ashe saura nata.

"Ni kuma ga nawa. Wanga inji, da shi ya yi shekara da shekaru shina yankan katako a kudu, tun matar taka ba ta san hanyar duniya ba. Da shi anka gina ɗakin da ka zo ka ɗauke ta. Ko cikin barci shina kwance shi shi ɗaura. Kai kuma ka zo da rigar biki kana koya mashi. Haba ango. In haka kaka gyara, ni na hwasa auren."

Wani daga cikin masu igiya ya yi ƙoƙarin mayar da dariyarsa tari, bai yi nasara ba, sai gidan gaba ɗaya ya ɗauka. Har daga bayan zana ina jin mata. Malam Ilu yana share hawaye da gefen rawani ya ce, "Ai mashin ɗin nashi na, Injiniya. Ara mani ya yi tun bara waccan." Ni dai ina durƙushe, igiyar inji a hannuna, na rasa inda zan sa idona. Na dubi rumbu, na ji ina ma a ce bedin nan ni ya karkato wa. Duk maganganun da na yi tun safe suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya, musamman waccan ta "mutane da yawa suna yin wannan kuskuren".

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Baba ya jawo injin gabansa, ya ce, "Ilu, amma hwa ya yi gaskiya. Iska inji ka sha. Wurin ne dai ba nan ba." Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa a bidiyo ba. Hannun nan da na sani da fartanya kawai ya kwance kafireta kafin in gama ɗaukar hulata. Ya ɓamɓare kwalina, ya sa tsinken tsintsiya ya sakace gam ɗin da na ɗura a ramin, ya hura. Yana yi yana gaya wa Malam Ilu cewa numfashin cikin inji ne ke bi ta wannan ɗan ramin ya riƙa buga wata 'yar fata a cikin kafireta, ita kuma ta jawo mai daga tanki. In an toshe shi, ko shekara za a yi ana ja, mai ba zai taso ba. Sannan ya miƙa hannu ya tattaro robobin da na yini ina durƙuso a kansu. Ya sa ɗaya ya rufe bakin da kafireta ke zama, ya sa ɗaya a bakin salansa, ya ɗaure su. Daga aljihu ya ciro wani tsohon fulogi da ya fasa cikinsa tun da daɗewa ya dasa masa bawul ɗin keke, ya ɗaura shi a mazaunin fulogi, ya haɗa famfo. Zulai ta fito da sabon ruwan sabulu ta ajiye, ba ta dube ni ba, na kuma gode mata da hakan.

Baba ya tsinci gashin kaza a ƙasa ya ajiye shi tsakanina da Malam Ilu. Ya ce, "Ilu, idon Injiniya ya hi nawa. Shi shahwa, shi duba inda kumhwa za ta hito."

Na ɗauki gashin kaza da hannu biyu. Malam Ilu ya buga famfo sau uku a hankali. Na shafa sabulu a gindin silinda, ba komai. Na shafa a bakin kafireta, ba komai. Baba ya riga ya cire sarƙa da kuloci, sai na shafa a wurin da sandar inji take fitowa. Nan take kumfa ta taso ƙanana-ƙanana, tana fashewa tana sake tasowa. Na ce da murya ƙasa-ƙasa, "Malam Ilu, ga ta nan." Wani ɗan zoben roba ne da ake kira sil, ya bushe ya tsage saboda tsufa. Shi ya sa in an kwantar da injin ta gefe sai ya ƙara buɗewa, inji ya mutu.

Na ce a raina to yanzu ina za a samu sabo, ga hadari a kai. Sai na ga Malam Ilu ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro ƙullin leda. Sabon sil ne. Tun da ya yi wa Baba bayanin ciwon a waya, Baba ya ce ya biya Maraɗi ya sayo shi. Wato tun kafin in yi wanka a gidana an san ciwon, an sayo maganin, an jera kayan aiki. Gyaran da bai fi na rabin awa ba ne na zo na zauna a kansa tun hantsi.

Baba ya ƙwaƙule tsohon, ya dasa sabon, ya sa aka sake bugun famfo, kumfa ba ta fito ba. Ya ɗaga tabarma ya ciro tsohon gaskit ɗin da na yar, ya goge shi a riga ya mayar da shi mazauninsa. Ya mayar da kusoshin da na hargitsa, yana ƙirga murɗi da leɓe. Ja biyu inji ya tashi, yana gurnani a natse, sarƙa a tsaye cak. Daidai nan aka fara yayyafi.

Ban jira an ce mini ba, na ruga na kama igiya da fasasshen hannuna tare da sauran mutane. Baba ya hau tsani ta bayan itacen, ya kafa sarƙa, muka ja. Rabin bedin ya juya, ya sauko gefen rumbu da ƙarar da ta girgiza ƙasa. Wani reshe dai ya shafi jinka ya zame ta, ruwa kuma ya sauko da ƙarfi kafin a mayar da ita, dammunan sama suka jiƙe. Kwana uku aka yi ana shanya su. Rumbu kuwa ya tsira. Iya Tabawa tana bakin ƙofarta tana faɗa wa duniya cewa jan igiya kam angonta ya iya.

Da ruwa ya ɗauke muka kama hanyar gida, ina tuƙi a hankali. Sai da muka kusa Jibiya na ce wa Zulai, "Me ya hana Baba ya tsayar da ni tun farko? Ya ga fa hadari."

Ta ce, "Innata ma ta tambaye shi da aka shigo salla. Ya ce in ya tsayar da kai da bakinsa a gaban mutane, ba za ka ƙara iya shiga gidan nan da sakin fuska ba, ni kuma zan rasa mai kawo ni. Ya ce gero in ya lalace yana da 'yan'uwa, ba za su bar shi da yunwa ba." Sannan ta ce, "Iya kuwa, ai duk abin da ta faɗa maka wasa ne. Ba wanda zai ce an ci maka fuska."

Sai da na tsayar da babur a gefen hanya na ɗan lokaci. Na yini ina ganin ni nake yi wa dattijon nan alfarma, ashe shi ne ya zauna yana kallon abincin iyalinsa a ƙarƙashin itace, awa biyar, don kada mijin 'yarsa ya ji kunya. Na ji kunyar kuwa, irin wadda ba dariyar mutane ce ta jawo ta ba.

Darasin da na kwaso ba mai yawa ba ne, amma ya zauna. Yanzu in ina zuba bayani na ga wani dattijo ya yi shiru yana kallon ƙasa, na daina ɗauka burge shi nake yi. Nakan tsaya in tambayi kaina me bawan Allah nan yake asara saboda kawai ya rufa mini asiri. Sannan in waiga in duba ko akwai tsohuwa a kusa.